Gurbin da Nas Ta Kama

Har yau mutanen layi Nas suke kiranta, ko da yake rabonta da farar riga tun 'yarta tana rarrafe. A asibitin yayan mijinta ta yi aiki, wanda dangi kaf suke kira Yaya Likita. Wata safiya ta makara domin jaririyar ta kwana da zazzaɓi, sai ta tarar da shi tsaye a gaban bencin marasa lafiya yana duban agogo. Bai ja ta gefe ba. Nan ya miƙa hannu ya karɓi makullan ɗakin magani, ya ce ta koma gida ta ci gaba da reno, ai dama irinsu iyakarsu ɗaukar tasar fitsari, ita da abin da ta haifa. Wata tsohuwa a kan benci ta yi dariya. Ƙila tari ne ya sarƙe ta, amma Nas ta rantse dariya ce, kuma ba wanda ya isa ya canja mata ra'ayi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ta buɗe ɗan shagon magani a gefen ƙofar gida, tana allura da wankin ciwo, tana gaida Yaya Likita har ƙasa duk inda aka haɗu. Mijinta, Mai Gilashi, ya ɗauka magana ta wuce. Mutumin kirki ne, irin kirkin nan mai ba mutum haushi, wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Bai san matarsa ta naɗe maganar ta ajiye ba, tana ɗauko ta lokaci-lokaci ta duba ko tana nan yadda ta bar ta.

'Yar nan ita kaɗai Allah ya ba su, shi ya sa ake ce mata Tilo. Ta tashi da kai mai kyau, ta zauna jarrabawar shiga jami'a ta ci fiye da yadda kowa ya zata. Makarantun likitanci biyu suka ba ta gurbi, ta gwamnati da wata mai zaman kanta. Ga kuma wani dillali da ya ji labari ya kawo musu takardun wata a ƙasar waje.

Ranar da za su yanke shawara, Mai Gilashi ya share ɓarɓashin gilashi daga kan teburin yanka na shagonsa, ya baje takardun a kan tsohuwar dardumar da ke rufe da teburin. Manyan gilasai suna jingine a bango ta kowane gefe, duk inda mutum ya juya sai ya ga kansa. Ya fara ɗaukar ta dillali, mai hoton ɗalibai suna murmushi a cikin ƙanƙara.

"Ya ce wannan da arha," in ji shi.

"Da arha a bakinsa," Nas ta ce. "Ya sa maka kuɗin jirgi? Ya gaya maka sai ta ɓata shekara tana koyon yarensu kafin ta taɓa ko ƙashin mutum? In ta dawo kuma a ce sai ta sake wata jarrabawar kafin a ba ta lasisi. Ajiye ta."

Ya ajiye. Ya ɗauki ta makaranta mai zaman kanta, ya daɗe yana kallo. Gini sabo fil, ba yajin aiki, ɗalibai huɗu a ɗaki, har da mutum-mutumin roba mai numfashi da ake koyon gwaji a jikinsa. Da ya juya bayan takardar ya ga kuɗin shekara, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake dubawa. Kuɗin bai ragu ba.

"Maman Tilo, in na sayar da duk abin da ke cikin shagon nan har da ni, shekara ɗaya za mu biya. Saura biyar fa?"

"To saura ta gwamnati."

"Cunkoso, ga yajin aiki, ga ɗakin kwana kamar kasuwa."

Tilo, wadda ke zaune a kan akwatin kaya tana jin su, ta ce, "Abba, ita nake so. Asibitinsu cike yake da marasa lafiya. Ni mutum nake so in koya a jikinsa, ba roba ba."

Magana ta ƙare a nan. Ta gwamnati ita ce aljihunsu zai ɗauka, ita ce kuma yarinyar take so. Mai Gilashi yana tattara takardu ke nan mota ta tsaya a ƙofar shago, Yaya Likita ya shigo yana ɗage rigarsa kada ta kama wani abu.

Nas ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa yana duban ƙaninsa.

Ashe buƙata ce ta kawo shi. Ɗansa Dogo, sa'an Tilo kuma abokin karatunta tun suna yara, makinsa bai kai na gwamnati ba. A makaranta mai zaman kanta ma bai shiga ba, amma shi ne na farko a jerin masu jira. Tsarinsu shi ne, duk wanda aka ba gurbi ya biya kuɗin kamu kafin ranar rufewa. Wanda bai biya ba, gurbinsa ya tafi ga na gaba a layi. Ya bincika, kowa ya biya, saura Tilo.

"Tunda ba iya biyan wannan za ku yi ba," ya ce, "ku bar shi kawai ya faɗi. Kada ku taɓa komai. Ka gaya wa matarka ma, na san mata da son shiga abin da ba a sa su ba."

"Haba Yaya, ai Dogo ɗanmu ne," in ji Mai Gilashi. "An gama."

"An gama, Yaya," Nas ta ce, kanta a ƙasa.

Ta cikin wani gilashi da ke jingine ta bi bayansa da kallo har ya shiga mota. Wani daɗi ya taso mata tun daga tafin ƙafa. Shekara da shekaru tana roƙon Allah ya kawo ranar da mutumin nan zai nemi wani abu a hannunta, ga shi ya zo da ƙafarsa, kuma ko a ranar bai iya duban fuskarta ba.

Dabarar ba ta ba ta wahala ba, domin abu ne da ta saba yi da hannunta. Lokacin da take aikin asibiti, in tana son ta ajiye wa wani gado, sai ta rubuta suna a kati ta maƙala a kan gadon. Gado ya zauna ba kowa, duk wanda ya zo a ce masa an cika. In buƙata ta wuce, ta cire katin ta jefa a kwando, shi ke nan. A ganinta gurbin makaranta ma gado ne. Za ta biya kuɗin kamu, sunan Tilo ya zauna a kai har a rufe jerin masu jira, Dogo ya rasa. Bayan nan ta kama hannun 'yarta su tafi ta gwamnati, wadda rajistarta ba ta rufewa sai daga baya. Kuɗin kamun ba a mayarwa, ta sani. Ta ga ko ninkinsa ne ya yi mata arha.

Ta sayar da awarwaronta na zinariya, ta haɗa da firjin da take ajiye allurai. Ta ce wa mijinta firjin ya lalace yana wurin gyara. Tilo kuwa ta ce mata, "Shirya ki raka ni. Za mu kama wancan gurbin ne na wucin gadi, saboda tsaro. Kin san gwamnati, yau su ce eh gobe su ce a'a."

"Dogo fa, Umma?"

"Da mun yi rajistar taki za mu saki nasa. Kada ki gaya wa Abbanki, kin san shi da tsoron kashe kuɗi."

Tilo ta yarda, domin uwarta ba ta taɓa yi mata ƙarya ba.

Ofishin makarantar sanyi kamar cikin randa, kujeru masu laushi, ga wata ma'aikaciya mai fara'a a bayan kanta. Ta karɓi shaidar biya, ta sa Tilo ta ɗora babban yatsa a kan wata 'yar na'ura mai jan haske. Kafin ta danna, ta ɗago ta ce, "Hajiya, bari in yi miki bayani tukuna. In na shigar da ita a nan..."

"'Yata, na yi aikin asibiti tun kafin ki shiga firamare. Na san yadda ake kama gurbi. Danna."

Ma'aikaciyar ta ɗaga kafaɗa ta danna.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da Nas ta gani tun aurenta. Abinci ya riƙa yi mata ɗanɗano. Yaya Likita yana ta kiran ƙaninsa a waya, wai har yanzu makaranta ba ta kira Dogo ba, Mai Gilashi yana ba shi haƙuri da zuciya ɗaya, yana cewa ai su ba su taɓa komai ba, a ƙara jira. Tana daga ɗaki tana jin su, tana ninke kaya tana waƙa ƙasa-ƙasa. Dogo ya zo gidan sau ɗaya, ya gaishe ta, ya ci abinci kamar yadda ya saba, ya nuna wa Tilo farar rigar da ya riga ya ɗinka. Nan kam zuciyarta ta ɗan motsa, domin yaron bai taɓa yi mata komai ba. Sai ta tuna ɗan wane ne, ta ƙara masa abinci kawai.

Ranar da aka rufe jerin, da yamma, motar Yaya Likita ta taka burki a ƙofar shagon gilashi. Wannan karon bai ɗage riga ba. Ya je makarantar da kansa an gaya masa gurbi a cike yake, an kuma gaya masa sunan wadda ke kai.

"Kai! Ni za ka ci wa amana? Ka dube ni ka ce an gama, sannan ka zagaya ka biya?"

Mai Gilashi ya tsaya da abin yanka a hannu, baki buɗe. "Biya? Yaya, wallahi ban..."

"Ni na biya."

Nas ce ta shigo daga ƙofar baya. Ta sa kayanta masu kyau, domin tun rana take jiran ƙarar motar nan. Ba ta durƙusa ba. Yau kam ya dube ta, ido cikin ido.

"Ke? Da wane kuɗin? Me yaron ya yi miki?"

"Ba abin da ya yi mini. Ka yi haƙuri, Yaya, ka nema masa wani abin. Ai asibiti ba likita kaɗai yake buƙata ba. Ana neman masu ɗaukar tasar fitsari, kuma ka fi kowa sanin irin waɗanda suka dace da aikin."

Ya tsaya yana ƙifta ido. Ta ga lokacin da ya tuna, ta ga fuskarsa ta sauya, kuma ganin nan ya biya ta awarwaronta da firjinta har da riba. Ya juya zai fita kafaɗarsa ta bugi wani gilashi, ya zame ya tarwatse a ƙasa. Bai waiwaya ba.

Mai Gilashi ya ɗauko tsintsiya. Ya share ya share, sannan ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Tun yaushe kike riƙe da wannan?"

"Tun ranar da ka ce in yi haƙuri."

Da gari ya waye ta tasa Tilo a gaba suka tafi makarantar gwamnati. Layi ya fito daga ofis ya bi baranda har ƙarƙashin bishiya, iyaye suna fifita da takardun 'ya'yansu. Tilo, wadda ta ji duk abin da ya faru jiya, ta ɗaure fuska tun daga gida, amma Nas ba ta damu ba. Yarinya ce, za ta huce. Da layi ya zo kansu, wani ma'aikaci mai furfura ya sa Tilo ta ɗora yatsa. Ya dubi allon kwamfutarsa, ya ce ta sake. Ta sake.

"Ai wannan ta riga ta shiga wata makarantar."

"A'a, Malam, wancan kamawa kawai muka yi. Yanzu za mu sake shi. Nan take so."

"Hajiya, hukuma ɗaya ce ke riƙe da sunayen duka makarantu. Suna ɗaya ba ya zama wuri biyu. Ranar da ta ɗora yatsa a can, ranar gurbinta na nan ya faɗi. An ba na gaba, har ya yi rajista."

"To a cire shi! 'Yata ta fi shi maki!"

"Na gaba," ya ce, yana miƙa hannu ta saman kafaɗarta.

Nas ta fita daga layin. Ta zagaya ofis-ofis, ta hau bene ta sauko, ta roƙi wanda ya isa da wanda bai isa ba. Kowa amsa ɗaya. Tilo tana biye da ita riƙe da jakar takardu, idonta a bushe, kuma bushewar nan ta fi wa Nas ciwo da a ce kuka take yi.

Abin da ya rage musu shi ne gurbin da ta kama, mai tsadar, kuma makarantar tana son cikakken kuɗin shekara kafin a fara karatu. Mai Gilashi bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Ya sayar da motar ɗaukar kayansa, ya karya farashin gilasan da ke bango, bai kai ko rabi ba. Saura filin da shagon yake kai, wanda akwai mai so a hannu. Amma filin gadon mahaifinsu ne, shi da yayansa, ba ya sayuwa sai da sa hannun su biyun.

"Na je," ya ce mata. "Ya ce ba ni zan zo ba."

Ta gane. Ta yafa mayafi ta tafi asibitin da rabonta da shi tun ranar makullai. An sake fenti, an sa fanka, amma bencin yana nan inda yake. Ta ba da sunanta, aka ce ta zauna. Ta zauna tsakanin wata mai ciki da wani mai ɗaure da ƙafa. Wanda ya zo bayanta ya shiga ya fito, na bayansa ma haka, har benci ya koma ita kaɗai. Sannan aka kira ta.

Yana rubutu bai ɗago ba. Ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa ƙasa.

"Yaya, ni na yi laifi, ba yarinyar ba. Ka sa hannu, ka yi mini duk abin da ka ga dama."

Ya rufe biro a hankali. Bai ɗaga murya ba, kuma da alama shi ma yana jin daɗin nasa lokacin.

"Ba zan sayar da filin ubana don in biya kuɗin rashin kunyarki ba. Ko na sa hannu ma, shekara nawa zai kai ku? Dogo ya rasa shekara, Tilo ma ta rasa. Su sake zama jarrabawar tare."

"Yaya..."

"Yarinyar jinina ce, ba zan bar ta ta lalace a hannunki ba. Na ɗauko wa Dogo malamai har gida. Akwai ɗaki. In ta ci, ni zan kai ta duk makarantar da take so, ni zan biya har ta gama. Sharaɗina ɗaya, a gidana za ta zauna."

Nas ta miƙe tsaye. "'Yar tawa? Wallahi sai dai ta fasa likitancin!"

"Ba ke na tambaya ba. Ta zo nan jiya, mun yi magana."

Ba ta san yadda ta kawo kanta gida ba. Ta tarar da ƙofar ɗakin Tilo a buɗe, littattafai a ɗaure cikin kwali biyu, akwati a kan gado ana cika shi. Mai Gilashi yana tsaye a tsakar gida, hannuwa a baya, yana kallon bango.

"Ke da kanki kika je wurinsa? Mutumin da ya ce iyakarki..."

"Na san abin da ya ce, Umma. Ban ji da kunnena ba, rarrafe nake yi. Abin da na gani da idona shi ne yatsana da kika sa na ɗora."

"Don ke na yi!"

"Da don ni ne, da kin bar matar nan ta gama bayaninta."

Nas ta juya wurin mijinta. "Kana tsaye kana kallo zai raba ni da 'yata?"

"Ni na kira direban Yaya," ya ce.

Motar ta iso ba da daɗewa ba. Dogo ne ya fito ya ɗauki kwalayen, ya gaida baffansa, ya wuce Nas kamar bai ga mutum ba. Tilo ta fito da akwati, ta durƙusa a gaban uwarta yadda aka koya mata, ta ce, "Na tafi, Umma." Nas ta bi bayanta har waje.

Maƙwabta sun leƙo, wata ma har tana cewa Allah ya saka wa Yaya Likita da alheri, irin wannan riƙon zumunci ya yi wuya yanzu. Nas ta tsaya a bakin ƙofa har motar ta sha kwana. Ta koma ɗakin yarinyar ta zauna a bakin gado, ta jawo aljihun tebur ko an manta wani abin da zai sa a dawo. Tilo ta kwashe komai, har cajar wayarta.